Abokin wasana ya buɗe da 1NT, me 2♣ take nufi?

Ɗan'uwa ka tambaya me yasa in abokinka ya buɗe da 1NT (wato alƙawarin cin zagaye bakwai ba tare da kati mai mulki ba, irin katin da aka zaɓa ya fi sauran) a wasan kati na bridge sai kaga mutum ya amsa 2♣ alhali bashi da ♣ ko na kirki. To wannan 2♣ ɗin ba ♣ yake nufi ba sam, tambaya ce, sunanta Stayman, daga Sam Stayman ɗan Amurka da ya yi rubutu a kanta a 1945.

Shi mai buɗe 1NT yawanci yanada maki 15 zuwa 17, As 4, Sarki 3, Sarauniya 2, Jak 1. Kai kuma in kanada maki 8 ko sama da kati huɗu na ♥ ko ♠ sai kace 2♣, wato kana tambayarsa shima yanada huɗu? In yace 2♦ babu kenan, in 2♥ yanada ♥ huɗu, in 2♠ yanada ♠ huɗu, kuma wallahi duk hikimar a nan take saboda in kuka haɗa kati takwas a iri ɗaya sau da yawa 4♥ ko 4♠ yafi 3NT lafiya duk da cin zagaye goma ake nema a 4♥ ko 4♠ maimakon tara na 3NT, don kuna iya yanka da kati mai mulki.

Amma in ♥ biyar gareka bar Stayman, kace 2♦ shi ya koma 2♥, wannan dabarar ita ake kira Jacoby. Don Allah ku zauna ku daidaita tun kafin a raba kati, kar ya ɗauka ♣ kake so da gaske ya barka a 2♣.