Kafin ka tura kuɗin wannan EOD ɗin, a gwada giyarta tukuna

Assalamu alaikum ƙanena. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa albarka. Na ga saƙonka: abokinka da ke nan Texas ya samo maka Honda Accord ƙirar 2003, wadda muke kira EOD a gida, mai silinda shida, ta yi mil 190,000, ana neman dala 2,500. Mai motar ya ce lafiyarta ƙalau, sai ɗan fizga da take yi in za ta shiga giya ta uku, wai man giya kawai za a canza. Kana tambaya ko ka tura kafin alƙalami tun kana Kano.

Kada ka tura. Ba kuɗin ne ya yi yawa ba, wannan "ɗan fizga" ne bai kwanta mini a rai ba.

Na san me ya ja hankalinka. EOD ce, ka saba ganinta a titi, in giya ta lalace kuma sai a leƙa Ƙofar Ruwa a ɗauko ta Beljiyam, bakanike ya ɗaura kafin Magariba. Nan lissafin daban ne. Bakanike da awa yake caji, a yawancin gareji awa ɗaya ta haura dala 100, sauke giya a gyara ta kuwa kan cinye kuɗin da ya kai na motar ko ya fi. Kai kuma bizar ɗalibi ce da kai, aikin da aka yarje maka a cikin makaranta ne, awa 20 a mako lokacin karatu. Sannan wannan ƙirar ta yi ƙaurin suna: a 2004 Honda da kanta ta kira Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004 a dawo da su saboda zafi da ke taruwa a giya ta biyu. Ka karɓi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, ka duba a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ko akwai gyaran da ba a yi ba. Kyauta ne.

Abokin naka ya je da sassafe, ya ce kada a tayar da motar kafin ya iso. Mai sayarwa da ya san hali sai ya ɗumama ta tun kafin mai saye ya zo, don giyar da ta gaji a sanyi take fara tona asirin kanta. Ya taka birki, ya sa D, ya ƙirga. Lafiyayyiya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu take kamawa. In sai da ta yi jim sannan ta buga, alama ce. Ya maimaita a ribas.

Sai titi, kuma ba zagayen unguwa ba. Ya hau babbar hanya ya yi minti ashirin ko talatin har man ya yi zafi sosai, domin wasu giyoyin sai sun gasu suke fara rashin kunya. Idonsa na kan allurar da ke nuna juyin inji. In ya taka totur allura ta yi tsalle, inji ya yi ƙara, amma gudun motar bai ƙaru ba, to galibi faifan kulocin da ke cikin giyar ne suka cinye, suna zamewa. Wannan babu man da zai warkar da shi, ko me mai motar ya ce. Karkarwa kuma wajen mil 40 zuwa 50, kamar an hau titi mai gargada, sau da yawa daga kwanbata take, wadda ke tsakanin inji da giya.

Da ya tsaya ya zaro gejin man giya. A kula, Honda inji a kashe ake auna ta, nan take bayan an kashe, Toyota kuwa inji na aiki. Ya goge a farin ƙyalle. Ja ko ruwan ƙasa mai haske ba laifi. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, ko mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ya ajiye makulli ya yi sallama. In ya fito kamar madarar da aka zuba wa zoɓo, ruwan lagireto ne ya shiga, ta riga ta gama yawo. Man da ya yi sabo fil a tsohuwar mota ma ni yana sa ni tambaya: yaushe aka canza, kuma me ya sa sai yanzu?

Adalci dai, ba kowace fizga ce laifin giya ba. Fulogi ko kwayil da ya mutu kan sa mota ta riƙa fizga a kan hawa, robar da ke riƙe inji in ta tsage kan sa bugu lokacin sa D. Waɗannan gyara ne mai sauƙi. Na'urar karanta lambobin matsalar mota ce ke raba gardama. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mahaɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar. Lambobin P0300 zuwa P0306 na inji ne. P0730 na nufin giya ba ta riƙe yadda ya kamata, P0740 da P0741 na kulocin kwanbata ne. In na'urar ba ta nuna laifi ba amma ta ce gwaje-gwajen motar ba su kammala ba, ana iya zargin an goge lambobin kwanan nan.

Ko da ta tsallake duk wannan, a kai ta garejin da ku kuka zaɓa, ba na mai motar ba. Dala ɗari ko ɗari biyu ce. Ciniki tsakanin mutum da mutum a nan, da ka sa hannu shi ke nan, babu dattijon da zai zaunar da ku a yi sulhu.

Da ni ne, Corolla ko Camry mai silinda huɗu zan nema, ko Accord ɗin ma amma mai huɗu. Tsofaffin Nissan masu giyar CVT, wato otomatik mai aiki da bel, da suka yi nisa, ka bar su. Ka iso tukuna, ka yi makonnin farko a motar makaranta, ka samu lasisi, ka tambayi kuɗin inshora, don sabon direba yana jin jiki a nan. In ka sauka ka kira ni mu je mu duba tare. Ka gaishe mini da su Baba.