Ba Ganga, Ba Mawaƙi: Amsoshin Tambayoyinku kan Bukukuwan Kiɗan Gwaji na Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli bidiyon wani bikin kiɗa da aka yi a birnin Berlin na ƙasar Jamus, a cikin wani ƙaton gini mai duhu. Mutum ɗaya ne tsaye a bayan teburi cike da wayoyi, ba ganga, ba mawaƙi, sai wani dogon gurnani da ƙara irin ta injin da ya samu matsala, ga kuma jama'a maƙil sun yi tsit suna sauraro. Don Allah wannan ma kiɗa ne? Kuma me ke sa mutum ya sayi tikiti don ya ji shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa yadda ka siffanta wurin, ina kyautata zaton bikin Berlin Atonal ka gani. An fara shi a 1982 a wani ƙaramin zaure da ke unguwar Kreuzberg, tun katanga na raba birnin gida biyu, ya tsaya a 1990, sannan aka farfaɗo da shi a 2013 a cikin Kraftwerk, wata tsohuwar tashar wutar lantarki da aka daina aiki da ita. A birnin akwai kuma bikin CTM, wanda aka fara a 1999 kuma ake yi a tsakiyar hunturu. Barcelona na da Sónar tun 1994, Montreal ta Kanada na da MUTEK tun 2000, Krakow ta ƙasar Poland kuma na da Unsound tun 2003.

Tambayarka ta farko ta girme mu duka. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta cewa kunnen mutumin birni ya riga ya saba da rugugin masana'antu da motoci, don haka bai kamata kiɗa ya tsaya a kan 'yan sautukan goge da fiyano ba, har ya ƙera wasu akwatuna masu fitar da gurnani da kururuwa ya hau dandamali da su. A 1948, a gidan rediyon Faransa da ke Paris, injiniya Pierre Schaeffer ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a faifai, ya yanka, ya maimaita, ya sauya musu gudu, ya jera su yadda yake so, aka watsa a rediyo a matsayin kiɗa. A farkon shekarun 1950 gidan rediyon birnin Kolon na Jamus ya buɗe ɗakin aiki inda su Karlheinz Stockhausen suka bi wata hanya daban, wato gina sauti daga tushe da na'urorin lantarki ba tare da an naɗo shi daga ko'ina ba. A 1952 kuwa John Cage na Amurka ya fitar da aikin nan nasa mai tsawon minti 4 da daƙiƙa 33, inda makaɗi ya zauna gaban fiyano bai buga komai ba, domin jama'a su ji abin da ke cikin zauren da kansa: iska, tari, motsin kujeru. Mutumin da ka gani a bidiyo jikan waɗannan mutane ne a sana'a.

A ganina kiɗa ne, kuma dalilina shi ne akwai mutumin da ya zaɓi waɗannan sautuka, ya tsara wanda zai zo da fari da wanda zai biyo baya, ya yanke tsawon da kowanne zai yi da inda za a yi shiru. Abin da ya ajiye gefe shi ne karin waƙar da ake iya rerawa da bugun da ake takawa. Abin da ya riƙe shi ne kaurin sauti da kaushinsa, da yadda yake kumbura ko ya sirance, da kusancinsa ko nisansa daga kunne. Waɗannan abubuwa suna nan a cikin kowane irin kiɗa, sai dai waƙa da rawa kan ɗauke hankalinmu daga gare su. Idan aka janye waƙar, sai kunne ya fara lura da su, kuma mai haƙurin sauraro na minti goma ko ashirin zai gane cewa gurnanin da ya ɗauka abu guda ne ashe zaruruwa ne masu yawa da ke saƙuwa suna warwarewa a hankali. Éliane Radigue ta Faransa ta shafe shekaru tana irin wannan aiki da na'ura guda, kuma sauyin da ke cikin kiɗanta yana da sanyin tafiya ƙwarai, har sai ya wuce kafin mutum ya farga cewa an sauya.

Batun tikiti kuwa, amsarsa tana cikin abin da bidiyon ya kasa kawo maka. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza kusan 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, kuma yawancin ƙarfin wannan kiɗa yana can ƙasa, wajen girgiza 30 ko 40. Igiyar sauti mai girgiza 30 tsawonta ya haura mita 11, kuma lasifikar waya ba ta da girman da za ta iya tura iska haka, saboda haka abin da ya iso gare ka ɓawon sautin ne kawai. A cikin zauren, wannan sauti a ƙirji da tafin ƙafa ake jin sa, kamar yadda ake jin tsawar da ta faɗi kusa. Ginin ma yana cikin kayan kiɗan, domin bangon kankare da dogon rufi suna riƙe amo su dawo da shi bayan daƙiƙoƙi, kuma makaɗin kirki yakan zo tun da rana ya gwada zauren, ya san sautin da wurin ke ƙarfafawa da wanda yake haɗiyewa. Wannan ne ya sa irin waɗannan bukukuwa suka fi yawa a manyan birane, inda ake samun tsofaffin masana'antu da coci-coci da ɗakunan ajiya, ga kuma isassun masu sha'awa da za su cika su. Ba na cewa duk abin da aka yi a can mai kyau ne. Sunansa kiɗan gwaji, kuma gwaji yakan ci, yakan kuma faɗi; akwai wasan da za a ja shi awa guda alhali abin da ke cikinsa bai wuce na minti biyar ba. Amma kada ka yanke wa fannin hukunci daga lasifikar waya, domin a nan zuwa da kai ya fi saƙo.

Tambaya: Malam, na taɓa halartar irin wannan biki, kuma abin da ya dame ni shi ne makaɗin ya kafa wa kwamfutarsa ido daga farko har ƙarshe. Ta yaya zan san cewa kiɗa yake yi, ba danna maɓalli ɗaya ya yi ya bar faifai yana juyawa ba?

Amsa: Malama, zarginki yana da tushe, kuma su kansu masu wannan sana'a sun daɗe suna muhawara a kai. Da mai ganga ko mai goge, ido yana ganin hannu kunne yana jin sakamako, to amma kwamfuta ta raba waɗannan biyu.

Idan kin ga teburi mai tarin wayoyi kala-kala da aka soka daga rami zuwa rami, wannan na'urar haɗa sauti ce mai sassa-sassa, irin wadda Robert Moog da Don Buchla suka fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1960. Wani sashe yana haifar da girgizar, wani yana tace ta, wani yana buɗe ta yana rufewa, kuma wayoyin ne ke nuna hanyar da lantarkin zai bi. Yawancin irin waɗannan na'urori ba sa ajiye tsarin da aka yi, ana zare wayoyin ya tafi ke nan, shi ya sa da wuya makaɗi ya maimaita wasan jiya daidai da daidai ko da ya so. Masu kwamfuta kuma wasunsu suna rubuta umarnin kiɗan ne nan take a gaban jama'a. Ƙungiyar TOPLAP da aka kafa a 2004 ta ɗora wa mabiyanta sharaɗin haska fuskar kwamfutarsu a bango, domin kowa ya ga layin da aka rubuta ya kuma ji abin da ya haifar, har da kuskuren da aka yi da yadda aka gyara shi.

Akwai kuma wasan da faifai ne da gaske, kuma ba a ɓoye hakan. A Paris, cibiyar binciken kiɗa ta GRM da Schaeffer ya kafa tana da wani tsari da François Bayle ya ƙirƙiro a 1974, mai suna Acousmonium: lasifikoki da dama masu girma da murya daban-daban, an baje su a dandamali da kewayen masu sauraro. Kiɗan an gama shi tun a ɗakin aiki, amma mai gabatarwa yana zaune a tsakiyar zauren, hannunsa a kan na'urar rarraba sauti, yana tura wannan amo gaba, wancan baya, yana matso da wani kusa yana nisanta wani. Aiki ne na hannu da kunne, kuma mutum biyu ba za su gabatar da faifai ɗaya iri ɗaya ba.

Saura masu danna maɓalli su yi ta murɗa abin da ba ya sauya komai, kuma akwai su. Laifinsu a wurina shi ne riya, domin kunna faifai a fili ba abin kunya ba ne. Hanyar ganewa ita ce ki bar kallon fuskarsa ki bi kiɗan: shin yana amsa wa zauren, yana dakatawa idan amo ya yi yawa, yana tsawaita abin da ya kama jama'a? Wanda ke aiki da gaske yakan yi tuntuɓe wani lokaci, kuma ana jin yadda ya murmure.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, kuma duk sunayen da nake gani a wannan fanni na Turawa ne. Shin Afirka na da hannu a ciki?

Amsa: Tana da shi tun daga tushe, ɗana. A 1944, shekara huɗu kafin aikin Schaeffer, wani matashi ɗan Masar mai suna Halim El-Dabh ya ari na'urar da ke naɗar sauti a kan siririyar wayar ƙarfe daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya naɗi muryoyin mata a wajen bikin zar, wani bikin warkarwa mai kama da bori, ya koma ya sarrafa su da amsa-kuwwa da tace sauti har suka zama wani abu daban. Ana lissafa wannan aiki cikin na farko-farko a duniya, kodayake littattafan tarihin kiɗa sun daɗe ba su ba shi matsayinsa ba.

A yau kuma akwai bikin Nyege Nyege da aka fara a Jinja ta ƙasar Yuganda a 2015, da kamfaninsa na faifai a Kampala, wanda ya fito da makaɗan singeli na Dar es Salaam ta Tanzaniya. Singeli kiɗa ne mai gudun tsiya, yakan haura bugu 200 a minti, kuma da kwamfutoci masu araha matasa suke haɗa shi. Makaɗan wannan kamfani sun hau dandamalin CTM da na Unsound. Abin da nake so ka lura da shi shi ne, a Dar es Salaam singeli kiɗan rawa ne na unguwa, sai ya isa Turai ake kiransa na gwaji, wanda ke nuna cewa baƙuntar sauti ta danganta ne da kunnen da ke ji. Har yanzu kuma kuɗin shirya manyan bukukuwa da ikon zaɓen wanda za a gayyata sun fi taruwa a Turai da Arewacin Amurka, kuma matsalar biza takan hana makaɗin da aka riga aka buga sunansa a takardar biki isa wurin. Wannan rashin daidaito yana damuna, kuma bukukuwan da ake yi a Afirka su ne suka fi rage shi.

Tambaya: Bayan na dawo daga wani wasa, kunnena ya yi ta ƙara har washegari. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma kada ka ɗauke shi da wasa. Wannan ƙara alama ce cewa ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne sun wahala, kuma waɗanda suka mutu daga cikinsu ba sa sake tsirowa. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne awa 8 a ƙarar desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 abin da ya rage minti 15 ne kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa kada ya wuce desibel 100, kuma a samar wa jama'a abin toshe kunne da wurin hutawa mara hayaniya. Ka nemi matoshin kunne na makaɗa, wanda ke rage ƙarfin sauti ba tare da ya dusashe shi ba, ka nisanci bakin lasifika, ka riƙa fita kana hutar da kunne tsakanin wasa da wasa. Mai farfaɗiya kuma ya tambaya tun a ƙofa ko za a yi amfani da fitila mai walƙiya, domin tana iya tayar da ciwon. Idan ƙarar kunnen ta wuce kwana biyu ba ta lafa ba, ka je wurin likitan kunne, idan kuwa jinka ya ragu farat ɗaya, to ka tafi a ranar ba tare da jira ba.