Tambaya da Amsa: Taurari, Ƙwallo da Yara Marasa Galihu

Wasiƙun wannan makon duk sun taru a kan abu ɗaya: fitattun mutanen da ake naɗawa jakadun ƙungiyoyin da ke tallafa wa yara ta hanyar ƙwallon ƙafa. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Nakan ji ana cewa David Beckham jakadan UNICEF ne. Nawa ake biyansa, kuma mene ne aikin nasa, tunda ban taɓa jin ya koyar da yaro ƙwallo ba? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Jakadancin UNICEF aikin sa kai ne, ba a yanka wa mutum albashi. Beckham ya karɓi muƙamin a 2005, a 2015 kuma ya buɗe asusun da ya sa wa suna 7, lambar rigarsa a Manchester United. Ba koyar da ƙwallo aka ɗauke shi yi ba. Abin da yake kawowa shi ne idon jama'a, domin inda ya tsaya 'yan jarida na tsayawa, masu kuɗi kuma na biyo baya.

Sai dai ana yawan cakuɗa abubuwa uku. Akwai wasan tara kuɗi, irin Soccer Aid da mawaƙi Robbie Williams da Jonathan Wilkes suka fara a Ingila a 2006, inda tsofaffin 'yan wasa ke haɗuwa da mawaƙa da 'yan fim su buga. Diego Maradona ya buga a karon farko a Old Trafford, daga baya Usain Bolt ya riƙa jagorantar ɓangaren sauran duniya da ke karawa da na Ingila. Kuɗin da aka tara ya haura fam miliyan 100, amma rigakafi da abinci da ruwan sha da karatun yara ake yi da shi. A nan ƙwallon ƙugiya ce kawai. Akwai kuma alkawarin kaso, wato Common Goal da Juan Mata ya fara shiga a 2017, inda ɗan wasa ke ba da kashi 1 cikin 100 na albashinsa. Mats Hummels da Megan Rapinoe da Jürgen Klopp duk sun shiga. Na ukun su ne ƙungiyoyin unguwa da ke aiki da yaran kai tsaye, kamar MYSA da aka kafa a 1987 a Mathare, unguwar talakawa a Nairobi, inda kulob ɗin yara ke samun maki a teburin gasa idan ta fito ta share shara ta yashe kwata. Waɗannan na ukun su ne gishirin miyar, kuma su ne ba a cika ganin fuskokinsu a talabijin ba.

TAMBAYA: Ina horar da yara kusan 60 a unguwarmu, marayu da almajirai da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Abokaina sun ce in nemi wani tauraron fim ko ɗan wasa ya zame mana jakada. Ta ina zan fara? Daga wani koci a Zariya.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Amma kada ka fara da tauraro, fara da gida. Baƙon da ya zo ya tarar ba rajista, ba asusu, ba littafin sunayen yara, hoto zai ɗauka ya tafi, ba kuwa laifinsa ba ne.

Ka yi wa ƙungiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, da sunan amintattu, ka nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna na neman ta kafin su buɗe wa ƙungiyar agaji asusu. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, kuma sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ya fita. Babu manajan tauraro mai hankali da zai bar maigidansa ya ce wa jama'a su tura kuɗi asusun wani mutum guda.

Sannan filin. Yara 60 ba sa horuwa a dunƙule. Raba su gida uku, 20 kowane gida, bisa shekaru, kowane rukuni da manya biyu, kada a taɓa barin babba ɗaya da yaro shi kaɗai. 'Yan ƙasa da shekara 8 ƙwallo mai lamba 3 ce tasu, daga 8 zuwa 12 lamba 4, daga 13 zuwa sama lamba 5. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce: ƙaramin yaron da aka ba babbar ƙwallo sai ya koma duka da tsinin yatsa, farce ya ɓare, ɗabi'ar kuma ta zauna masa. Ƙwallo ɗaya ga yara biyu ta isa, wato guda 10 ga rukuni, idan rukunan na zuwa bi da bi. Ka tanadi famfo da allura biyu ko uku, don allurar ce ke fara karyewa, da usur, da rigunan bambance ɓangare kala biyu, da jarkar ruwa, da akwatin agajin gaggawa mai bandeji da auduga da maganin wanke rauni. Filayenmu tsakuwa ce da ƙaya, ƙwallo mai sheƙi ta kan ciyawa ba ta daɗewa a kai. Gara mai kaurin fata, kuma kada a cika mata iska har ta yi ƙiris, ɗinkin ne ke buɗewa. Lokacin atisaye kuma bayan la'asar, amma a duba kada ya ci karo da Islamiyya. Kowane yaro a sami izinin mahaifi ko mariƙi, almajiri kuma na malaminsa, a rubuce ko a gaban shaidu.

Idan wannan ya kammala, sai ka nemi jakada. Zaɓi wanda yake da alaƙa da garin ko da irin rayuwar yaran, ba wanda ya fi yawan mabiya a Instagram ba. Marcus Rashford ya iya tilasta wa gwamnatin Birtaniya ci gaba da ciyar da 'yan makaranta lokacin hutu a 2020 saboda shi ma da irin wannan abincin ya tashi, maganarsa ba haddar wani ba ce. Ɗan wasan da ya yi ritaya yana zaune a garinku zai fi maka amfani a kan shahararren da zai zo sau ɗaya da motoci biyar.

Rubuta masa wasiƙa shafi ɗaya: ku su wane ne, yara nawa, me kuke so ya yi. Kada ka ce a taimaka, faɗi abin. Misali ziyara biyu a shekara, saƙon bidiyo huɗu, da kiran 'yan kasuwa uku da ya sani. In ya amsa, ku rubuta yarjejeniya ta shekara ɗaya mai sabuntawa, a ciki a fayyace wanda zai biya kuɗin mota da masauki, mutum nawa za su biyo shi, ko za a iya sa hotonsa a allon talla, da cewa ba za a ɗaga tutar jam'iyya a filin ba. A sa kuma cewa kowane ɓangare na iya janyewa idan abin kunya ya taso. Tun ran gini tun ran zane.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ranar taro. A ce ka kashe naira 800,000 a rumfa da kujeru da lasifika da otal, aka yi alkawarin miliyan 2 a bainar jama'a, abin da ya shigo hannu 500,000 ne. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Alkawarin gaban kyamara romon baka ne har sai an ji ƙarar shigar kuɗi a waya, don haka ka sa mutum guda ya rubuta sunan duk wanda ya yi alkawari, a bi shi cikin mako guda tun abin da ɗuminsa. Kada kuma a shanya yara a rana awa uku ana jiran baƙo. Su zo, su yi atisayensu kamar kullum, shi ya tarar da su a kai. Takalman da zai raba a auna ƙafafu tun kafin ranar, in ba haka ba ka ga yaro ɗan shekara 9 riƙe da lamba 43, gobe kuma takalmin yana kasuwa. Hoto kuwa, na yaro yana wasa za a ɗauka, ba na yagaggiyar rigarsa ba, kuma ba a haɗa fuskarsa da cikakken sunansa da kalmar maraya a intanet. Yaron zai girma, hoton yana nan.

TAMBAYA: Ina son ba da sadaka ga gidauniyar wani ɗan wasa da nake ƙauna. Sunansa bai isa shaida ba? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, suna shaida ne na niyya, ba na lissafi ba. A 2016 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta binciki gidauniyar Didier Drogba. Ba ta sami shaidar zamba ba, amma ta ce ajiyar bayanan kuɗin ba ta yi kyau ba, kuma mai yiwuwa masu ba da gudummawa sun yi wa inda kuɗinsu ke zuwa gurguwar fahimta. To, wannan mutumin da kowa ya san alherinsa a ƙasarsa ke nan. Ki nemi lambar rajista da rahoton kuɗin bara, ki tambayi nawa ne ya tafi ga yara, nawa ga ofis da liyafa. Ki tambayi ranar atisaye, ki aika wani ya je ba sanarwa. In ya tarar da koci da yara da littafin kiran suna, ki bayar hankali kwance. Ki kuma karɓi rasit.

TAMBAYA: Wani ya nuna min hotonsa da wani babban ɗan wasa, ya ce jakadan makarantar ƙwallonsu ne, in kawo kuɗin biza ya kai ɗana mai shekara 15 Turai. Daga wani uba a Kumasi.

AMSA: Baba, kada ka ba shi ko sisi. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su ƙaura saboda dalilin da ba ƙwallo ba. Kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke aiko da gayyata a rubuce, ba a ɗora wa uba kuɗi ta hannun ɗan tsakiya. Hoto da ɗan wasa kuwa kowa na iya samu a bakin otal. Ka tambaye shi lasisinsa na wakilin 'yan wasa da sunan kulob ɗin, ka kai su ofishin hukumar ƙwallon Ghana a tantance. Fasfon yaron da takardar haihuwarsa kuma su zauna a hannunka.