Shuwaka da maɗaci: ɗaci iri biyu

Wata mai karatu daga Damagaram ta tambaya ko shuwaka da maɗaci abu ɗaya ne, tunda ta ji ana kwatanta ɗaci da kowannensu, kuma wanne ne daidai a rubutu, shuwaka ko shiwaka.

Batun rubutu ba shi da wuya: duka biyun ana faɗa, kamar yadda ake cewa biki da buki, kuma bambancin na karin harshe ne.

Amma tsiron biyu ko dangi ba su haɗa ba. Maɗaci babban itace ne da ake sassaƙar ɓawonsa a jiƙa don magani, kuma sunansa daga ɗaci aka ƙera shi. Shuwaka kuwa ƙaramar bishiya ce da ke fitowa da kanta a bakin rafi da fadama, ko da yake yanzu an fi ganinta a bayan gida da lambu. Masana tsirrai suna kiranta Vernonia amygdalina, kuma sun sa ta gida ɗaya da tazargade da latas, saboda abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, idan aka duba da kyau tarin ƙananan furanni ne farare da suka cunkushe wuri guda. Yarabawa suna ce mata ewuro, Ibo kuma onugbu.

A ganina, dalilin da ya sa Bahaushe ya fi ɗauko maɗaci idan zai yi magana a kan wahalar rayuwa, har ya ce duniya zuma ce da maɗaci, shi ne ɗacin maɗaci ba ya fita, sai dai a runtse ido a haɗiye. Na shuwaka kuwa yana da mafita: mai girki takan murje ganyen cikin ruwa, ta zubar da kumfar da ta taso, ta sake murzawa har ya rage ɗan ɗacin da ake so a miya, wadda akan yi wa mai jego. Abin da ake ci da marmari bai dace da misalin azaba ba.

A kiyaye kuma kada a rikita ɗaci da bauri, domin matasa suna yawan haɗa su. Bauri shi ne wanda ke ɗaure harshe, irin na kanya ɗanya, kuma ba a cewa shuwaka tana da bauri.