Ina Ake Ganin Ƙuri'ar da Sanatana Ya Kaɗa a Majalisa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne. Yaran sanatan mazaɓarmu suna raba takarda mai hotonsa, an jera ƙudurorin da ya gabatar a Abuja. Ni kuwa abin da nake son sani shi ne, duk ranar da aka yi ƙuri'a kan abin da ya shafi talaka, kamar haraji ko ciwo bashi, wane ɓangare ya bi? A ina ake ajiye wannan lissafin?
— Wani malami daga jihar Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ba za ta yi maka daɗi ba, domin a mafi yawan kwanaki babu wannan lissafin sam. Majalisar Dattawa da ƙuri'ar murya take yanke yawancin hukuncinta. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ce "aye", a amsa da ƙarfi. Ya ce masu adawa su ce "nay", a amsa. Sai ya auna da kunnensa, ya buga guduma. Ba a kira sunan kowa ba, ba a ƙirga hannu ba. Sanatanka na iya yin shiru a kujerarsa, ko ma yana waje, washegari ya zo gida ya ce maka ya yi faɗa dominka, kuma ba ka da takardar da za ka ƙaryata shi da ita.

Abin ya fi ci mini rai a ranar 20 ga Maris, 2025, lokacin da majalisar ta amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Tinubu ya ƙaƙaba a jihar Ribas, wadda ta dakatar da Gwamna Fubara. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun yarda. Sanatoci 109 ne, ke nan ana buƙatar 73. Amma bayan zaman sirri, da murya aka wuce da batun. Wane kunne ne zai bambanta muryar mutum 73 da ta mutum 60? Ko kana goyon bayan matakin ko ba ka goyon baya, hakkinka ne ka san wa ya ce me.

Sai dai akwai ranakun da labule ya yaye, kuma su za ka fara nema. Dokokin majalisar sun ba sanata damar ƙalubalantar hukuncin murya, ya nemi a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Haka aka yi ranar 15 ga Yuli, 2021, ana muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Kwamitin da Sanata Kabiru Gaya na Kano ta Kudu ke shugabanta ya kawo rahoton da ya bar wa hukumar zaɓe ta INEC ikon yin hakan inda ya yiwu. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa ya kawo gyara: sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai isasshen sabis, sannan Majalisar Tarayya ta amince. Zauren ya kaure da hayaniya. Shugaban marasa rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya dage sai an ƙirga, shugaban majalisa Ahmad Lawan ya yarda. Aka riƙa kiran suna, kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa da bakinsa. Mutum 52 suka bi gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Shi kansa Gaya gyaran ya bi, ya bar rahoton kwamitinsa.

Washegari jaridu suka buga sunayen duka, har da na waɗanda ba su halarta ba. Jama'a suka yi ca, kuma kafin watan Oktoba ya ƙare majalisar ta janye sharaɗin. Ban ce sunayen kaɗai ne suka jawo haka ba, amma na yi imanin da murya aka yi, da babu wanda zai ji zafin a jikinsa. Ka tuna kuma da tazarcen Obasanjo a 2006: shugaban Majalisar Dattawa na lokacin, Ken Nnamani, ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, sanatoci suka yi ta tashi suna magana mutanen garinsu na kallo, ranar 16 ga Mayu ƙudurin ya mutu. Idan sanatanku tsohon hannu ne, nemi inda sunansa ya faɗa a jerin 2021, da kuma ƙuri'ar gyaran kundin tsarin mulki ta 1 ga Maris, 2022, wadda aka yi da na'ura.

Yanzu ga takardar da ake raba muku. Kada yawan ƙudurori ya ruɗe ka. Karatu na ɗaya sunan ƙuduri kawai ake karantawa, minti guda bai cika ba. Aikin yana gaba: karatu na biyu, kwamiti, jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, amincewar Majalisar Wakilai, sa hannun shugaban ƙasa. Ɗimbin ƙudurorin kafa jami'a ko asibitin tarayya a garin sanata a matakin farko suke kwana har wa'adi ya ƙare. Akwai kuma ƙudurin jan hankali, irin wanda ake kawowa bayan ambaliya ko harin 'yan bindiga. Yana da amfani, yana sa kukan mazaɓa a kunnen ƙasa, amma ba doka ba ne, gwamnati na iya yin biris da shi. Ɗauki takardar, ka tambayi yaron da ya miƙa maka: a cikin waɗannan, wanne ne ya wuce karatu na biyu, wanne aka sa wa hannu?

Don ka bincika da kanka, majalisar na fitar da takardar kowane zama mai suna Votes and Proceedings, akwai kuma Hansard da ke ɗauke da maganganun da aka yi a zaure. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira PLAC na bibiyar matakin da ƙudurori suka kai a shafinta na intanet, ana kuma nuna zaman majalisa a YouTube, yawanci Talata zuwa Alhamis. Batun halarta kuwa, tsarin mulki ya wajabta zama na aƙalla kwana 181 a shekara, ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba tare da uzuri ba zai iya rasa kujerarsa. Ku haɗu da abokan aikinka ku rubuta wa akawun majalisa a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku nemi rajistar halartarsa. Dokar ta ba su kwana 7 su amsa. Ran da ya zo neman ƙuri'a kuma, ku tambaye shi gaban jama'a ko ya taɓa neman a ƙirga, kuma ko zai goyi bayan a riƙa buga sunaye a kan kasafin kuɗi, bashi da haraji.

Tambaya: Gaskiya ne za mu iya yi wa sanata kiranye kafin wa'adinsa ya cika?
— Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Gaskiya ne, Malama, sashe na 69 ya tanada. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance hannuwan, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Hanyar na da tsauri ƙwarai, kuma tun 1999 babu sanatan da aka taɓa cirewa ta nan. An gwada a kan Dino Melaye na Kogi ta Yamma. Da aka zo tantancewa a Afrilun 2018, hannuwan da suka inganta ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba, maganar ta tsaya a nan.