Amsa kan raguwar darajar kadarori bayan komawa sabuwar manhaja

Malam, ka ce tun da kuka koma sabuwar manhajar lissafi adadin raguwar darajar kadarorinku na wata-wata, wato kason farashinsu da ake cirewa a lissafi saboda amfani da su, ya faɗi kusan rabi, kuma rajistar kadarori ba ta yin daidai da leja, wato babban littafin lissafin kamfani. Na daɗe ina aikin akanta a kamfanonin rarraba kaya a Kano, kuma a mafi yawan lokutan da na tarar da wannan matsala manhajar lafiyarta ƙalau, abin da aka zuba mata ranar ƙaura daga tsohuwar manhaja ne bai cika ba.

Kowace kadara tana bukatar a shigar mata da farashin da aka saye ta, da ranar da ta zama a shirye don aiki, wadda ita ce ranar da ƙa'idar IAS 16, ta ƙasa da ƙasa kan lissafin kadarori, ta ce a fara lissafi, da kuma jimillar raguwar da ta taru mata zuwa ranar ƙaura. Abin da mutane suka fi yi, saboda gaggawar rufe wata, shi ne su kwashe ragowar darajar da ke tsohon littafi su sa ta a gurbin farashin saye, sannan su bar shekarun amfani yadda suke tun farko.

A ɗauka kun sayi motar kaya a Janairun 2022 kan naira miliyan 12, kuka ba ta shekara 5, ana cire daidai wa daida, ba tare da an ware mata kuɗin sayarwa a ƙarshe ba. Kowane wata naira 200,000 ke nan. Idan kun yi ƙaura a ƙarshen Yunin 2024, wata 30 sun wuce, miliyan 6 ta taru, miliyan 6 ta rage. Wanda ya shigar da miliyan 6 a matsayin farashi, ya sake ba ta shekara 5, zai ga manhajar tana cire naira 100,000 kacal a wata, ribar kamfani ta kumbura a takarda, motar da ya kamata lissafinta ya ƙare a Disambar 2026 ta kai Yunin 2029. Ina kyautata zaton wannan ne ya same ku, don haka ka buɗe katin kadara ɗaya ka gwada farashin da ke ciki da rasidin saye.

Akasin haka ma yana faruwa. Idan aka sa farashi da ranar asali amma aka bar gurbin raguwar da ta taru babu komai, wasu manhajojin sukan ɗauka ba a taɓa cire ko kwabo ba, sai su dankara miliyan 6 ɗin gaba ɗaya a watan farko.

Bayan ka gyara, sai ka tara farashin dukan kadarori rukuni-rukuni, motoci daban, janareto da injuna daban, ka gwada da abin da ke leja a ranar ƙaura, haka ma raguwar da ta taru. Idan bambancin 'yan dubbai ne, sau da yawa tsohuwar manhajar tana lissafin cikakken wata ne, sabuwar kuma tana ƙirga kwanaki. Ka daidaita saitin da manufar kamfaninku da ke rubuce, kada ka rufe giɓin da shigarwar hannu, domin odita, mai binciken lissafi, zai tambayi dalilinta. Fili kuwa ba a cire masa raguwa, sai a raba shi da ginin da ke kansa.

Kadarorin da lissafinsu ya ƙare amma har yanzu suna aiki, su ma a shigar da su rajista. In kuma kuna ganin motar za ta wuce shekara 5, wannan sauya kiyasi ne a ƙarƙashin IAS 8, ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta shafi sauya kiyasin lissafi, ana raba ragowar darajar a kan sabon wa'adi daga yanzu zuwa gaba, ba a taɓa shekarun baya, kuma ya kamata shugabannin kamfani su amince a rubuce.

Jadawalin haraji kuma ka bar shi daban, domin a Nijeriya ba a cire raguwar darajar da akanta ya lissafa daga ribar da za a biya wa haraji, alawus ɗin jari da doka ta tsara shi ake cirewa, kuma ragowar darajar da ke jadawalin haraji ba ta zuwa ɗaya da ta littafinku.