Amsoshin Tambayoyinku: A ina ake sa "high", a ina ake sa "tall"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a nan Kumasi, ina shirin jarrabawar WASSCE. A cikin insha'i na rubuta "My brother is very high", ina nufin yayana dogo ne, sai malaminmu ya ja layi da jan biro, ya ce ma'anar ta ɓaci. Ga shi kuma kullum ina jin "high school", "High Court" da "high blood pressure". Don Allah a warware mini.
'Yarku daga Asawase

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Malaminki yana kan daidai, kuma gara da ya ja layin yanzu tun ba a kai ɗakin jarrabawa ba, domin a Turancin yau idan aka ce mutum yana "high", abin da mai sauraro zai fara ɗauka shi ne mutumin yana cikin maye na ƙwaya ko tabar wiwi. Abin da kike nema shi ne "My brother is very tall".

Kuskuren ba naki ba ne ke kaɗai. Mu Hausawa da tsawo muke auna mutum da bishiya da katanga da igiya, alhali Turanci ya raba aikin uku. Abin da yake miƙe a kwance, kamar hanya ko igiya, "long" ne. Abin da yake tsaye da ƙafarsa, wanda tsawonsa ya fi faɗinsa nesa ba kusa ba, kamar mutum, bishiyar kwakwa ko hasumiyar masallaci, shi ne "tall". Ita kuwa "high" ba jikin abu take dubawa ba, tazarar da ke tsakanin ƙasa da inda abin ya kai take aunawa, shi ya sa ake ba da ita ga dutse da katanga, da kuma duk abin da yake can sama ko da shi kansa ƙarami ne. Ki dubi hasumiya: ita "tall" ce, amma lasifikar da aka ɗaura a kanta tana "high". Haka nan "a tall window" doguwar taga ce, "a high window" kuwa taga ce da aka yi ta can kusa da rufi, wadda yaro ba zai iya leƙawa ba.

Wajen faɗin awo ma haka abin yake. Za a ce "He is six feet tall" ga mutum, amma dutsen Kilimanjaro da ke Tanzaniya sai a ce "5,895 metres high". Gini ne ya shiga tsakani, don yakan karɓi duka biyun, ko da yake "tall building" ya fi yawa a bakin mutane. Idan kika yi shakka, ki nemi kishiyar kalmar: "tall" da "short" suke tafiya, "high" kuma da "low".

Daga wannan ma'ana ta nisa da ƙasa kalmar ta bazu zuwa ga duk abin da yake da mataki ko ma'auni, kuma a ganina nan ne ɗalibi ya fi bukatar natsuwa, saboda Hausa ba da kalma ɗaya take biyan wannan bukata ba. "High blood pressure" shi ne hawan jini, wanda likitoci suke ƙidayawa daga 140 bisa 90 zuwa sama. "High temperature" zafin jiki ne ko na gari. "High price" ita ce tsada, kuma ki kula, ƴan kasuwar Kejetia da masu sayensu sukan ce "the price is expensive", wanda mai duba takarda ba zai karɓa ba: kaya ne suke zama "expensive", farashi kuwa "high" yake zama. "A high voice" siririyar murya ce irin ta yaro, ba mai ƙara ba, mai ƙarar ita ce "loud". Makarantarku ma ta samu sunanta ta wannan hanya, domin a gyaran ilimi na 2007 ne aka mayar da JSS da SSS, wato ƙaramar sakandare da babbar sakandare, suka koma "Junior High School" da "Senior High School". "High Court" kuma babbar kotu ce, sai dai Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli suna samanta.

Sauran abu uku da sukan fito a jarrabawa. "High" da "highly" ba ɗaya ba ne: tsuntsu "flies high", amma mutumin da ake girmamawa ƙwarai "highly respected" ne, wato "highly" daraja da yawa take nunawa, ba tashi sama ba. Sannan bayan "It is high time" aikatau yakan zo da sigar abin da ya wuce, kamar "It is high time we left", ma'ana lokacin tafiyarmu ya yi har ya so ya gota. Sunan da aka ciro daga kalmar kuma "height" ne, da "t" yake ƙarewa, ba da "th" ba kamar "length".

Tambaya: Malam, me ya sa ofishin jakadancin Najeriya a Accra ake ce masa "High Commission", na Amurka kuma "Embassy"? Ko ɗaya ya fi ɗaya girma ne?
Wani ɗan kasuwa daga Aboabo

Amsa: Alhaji, babu wanda ya fi wani, aikinsu da matsayinsu duk ɗaya ne. Ƙasashen ƙungiyar Kwamanwel, irin su Gana, Najeriya, Birtaniya, Indiya da Kanada, idan suka aika wakili a tsakaninsu sai su kira shi "High Commissioner", ofishinsa kuma "High Commission". Amurka, Saudiyya da Nijar ba sa cikin ƙungiyar, don haka nasu wakilin "Ambassador" ne, ofishinsa "Embassy". Idan za ka rubuta wa ofishin Najeriya takarda, "The High Commissioner" za ka sa a kanta.